Barci na je yi a laburare

Na daɗe ina son rubuta labarin nan, kullum in na fara sai in goge, saboda akwai abin kunya a ciki wanda har yau ko Ummanmu bata sani ba. Yau dai nace bari in daure in faɗa, ko Allah zai sa ya yi wa wani amfani, musamman yaran da suka faɗi jarrabawa suna ganin kamar tasu ta ƙare, da kuma waɗanda Allah ya bar musu iyayensu da rai har yanzu.

A Makera aka haife ni, a garin Kaduna can tsallaken kogi, Babanmu ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Wanda bai ga Kakuri a wancan zamanin ba duk yadda na kai ga kwatanta masa ba zai gane ba. Aiki kashi uku ake yi, na safe da na rana da na dare, injina basa hutawa, in lokacin canjin aiki ya yi sai ka ga kekuna sun cika titi kamar an buɗe wa fari ƙofa, ga masu tuwo ga masu shayi ga masu ƙosai kowa na ciniki. Baba in ya dawo kansa da girarsa duk farin auduga ne kamar wani tsoho ɗan tamanin, Umma ta bi shi da tsumma tana kakkaɓewa tana masa tsiya wai ta auri saurayi an musanya mata da kakanta.

Akwai wata adakar ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa da ba mai taɓa ta sai shi. A ciki akwai Magana Jari Ce duka ukun, da Ruwan Bagaja, da tarin tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo, da takardar ɗaukarsa aiki, da hotuna, da wasiƙun ajami da kakanmu yake aiko masa daga ƙauye. Shi bai yi boko yana yaro ba, allo ya yi, sai da ya zo Kaduna ya shiga ajin manya na yamma. Shi yasa karatunsa a hankali yake, yana bin layi da ɗan yatsa, kuma wallahi wuri ɗaya zai karanta sau goma ya yi dariya sau goma a daidai wurin.

Litinin 21 ga Fabrairu 2000, ranar da rikicin addini ya ɓarke a Kaduna, ina ajin farko na babbar sakandare. Ba zan shiga bayanin abin da idona ya gani ba, duk ɗan Kaduna da ya kai shekaruna yana da nasa. Mu dai mun tsira da rayukanmu muka kwana a bariki kwana da kwanaki, gidan kuma ya ƙone. Da ƙura ta lafa Baba ya ɗauke ni muka koma mu ga ko akwai abin tsinta. Adakar tana nan bata narke ba, sai fentin da ya ƙone. Ya fasa kwaɗon da dutse ya buɗe, sai ga takardun a jere yadda ya bar su kamar lafiya lau, sai dai baƙi ƙirin, har kana iya hango layin rubutu yana ɗan sheƙi in rana ta haska. Yana kai hannu suka ruguje. Bai ce komai ba, ya goge hannun a jikin rigarsa yace mu tafi. Abin da ya rage masa na takarda a duniya shi ne katin shaidar aikinsa, shi ma don yana aljihu ne ranar.

Muka dawo Rigasa, ciki da falo, mu tara. Daga lokacin ne kogin Kaduna ya zama kamar iyakar ƙasa, Musulmi suka tattaro suka yo arewa, Kirista suka yi kudu, wasu ma musayar gida suka dinga yi. Baba ya ci gaba da tsallaka gada zuwa aiki, Umma kuma bata da sukuni sai ta ji sallamarsa. Ba a jima ba albashi ya fara tsalle, wata ɗaya a biya wata biyu shiru, daga nan aka ce su zauna gida za a neme su. Ba tasu kaɗai ba, masaƙun haka suka dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ga atamfar waje mai araha da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya, ga rashin wuta, ga tsadar baƙin mai, ga injina sun tsufa. Mutumin da ya shekara ashirin da wani abu a gaban inji ya koma gadin wani shago da dare.

A cikin wannan halin na rubuta jarrabawar fita sakandare a 2002, na faɗi Turanci da lissafi. Baba ya sayar da kekensa, keken da ya fi ni shekaru, ya ba ni kuɗin yace in sake rajista in kuma shiga lesin. To a nan ne na tafka abin da nake jin kunya. Wani ya ce min ya san wata makaranta a bayan gari da ake rubuta wa mutum amsa a allo, ba sai na wahalar da kaina da lesin ba, in kawo kuɗin duka shi zai yi komai. Na ɗauka na ba shi. Tun daga ranar ban sake sa shi a ido ba. Ba rajista, ba lesin, ba keke.

Na kasa faɗa. Kullum da safe sai in yi wanka in rataya jaka in ce na tafi lesin, Baba yana dawowa daga gadi idonsa jajir ya ce Allah ya ba da sa'a, ni kuma in ce amin. Sai in kama yawo a ƙasa, yau Kasuwar Barci, gobe gindin bishiya a Dandalin Murtala, in azahar ta yi in shiga masallaci in daɗe. Har na fara tunanin in hau motar Legas in ɓace kawai, abin da ya hana ni ko kuɗin motar ba ni da shi. Wata rana cikin zafin bazara, irin wanda kwalta ke kama takalmi, na bi ta gaban laburaren gwamnati na hango fanka tana juyawa ta taga. Na tambayi maigadi nawa ake biya, yace rubuta sunanka kawai ka ajiye jaka. Wallahi ba son karatu ne ya shigar da ni ba, fanka ce.

Na samu wani tebur a can ƙurya inda ba mai zuwa, ashe sashen tarihi ne. Sai in zaro kowane littafi mai kauri in buɗe tsakiya in kifa kai a kai. Na yi kusan sati uku ina wannan sana'ar. Ranar nan ina cikin barci na ji ana ƙwanƙwasa teburin da biro, na ɗago na ga wata mata mai ƙiba da tabarau, ma'aikaciyar wurin ce, tace "Ɗana, nan ba masauki bane. In ma za ka yi matashi da littafi ai ka san sunansa ko?" Na duba bangon na kasa karanta sunan daidai. Na zaci korata za ta yi, sai ta turo min wani ɗan keken katako cike da littattafan da aka dawo da su, tace tunda ba ni da aikin yi in zo ta nuna min yadda ake mayar da su.

Gaskiya zan faɗa ko da ba daɗi, ina ganin sarƙar gicciye a wuyanta na ji raina ya ɓaci. A lokacin zuciyata cike take, duk wanda ya fito daga tsallaken gada ina masa kallon wanda ya ƙona mana gida. Na yi kwanaki ko gaisuwar kirki bana mata. Ita ko a jikinta, in ta sayi gyaɗa da ayaba sai ta ajiye min rabi a gefen tebur ta wuce, ranar farko na ƙi ci, rana ta biyu yunwa ta yi min hankali. Ban san ranar da na fara ce mata Mama ba.

Ita ta koya min cewa lambar nan da ke manne a ƙeyar littafi adireshinsa ne. Ɗari tara tarihi ne, 960 Afirka, 966.9 kuma Najeriya. Ta nuna min akwatin kati mai ƙananan durowoyi, kowane littafi da katinsa, ka neme shi da sunan marubuci ko da sunan littafin ko da abin da yake magana a kai. Tace littafin da aka ajiye ba a mazauninsa ba daidai yake da wanda aka sace, don ba mai sake ganinsa. To garin jerawa sai ka buɗe ka leƙa, garin leƙe sai ka zauna. A kantar 966.9 ɗin nan na fara sanin garin da aka haife ni. Ashe Kaduna ba tsohuwar masarauta bace irin Zariya ko Kano, Turawa ne suka zaɓi wurin saboda ruwan kogi da hanyar jirgin ƙasa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, Gbagyi suka tarar a wurin, sunan kuma an fi cewa daga kadojin kogin ya samo asali. Ƙaramar gadar ƙarfen nan ta wurin shaƙatawa na Gamji da muke hawa muna tsalle ranar yawon sallah, ashe daga Zungeru aka kwance ta aka kawo. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kusan kowa a garin nan aiki ne ya kawo kakansa ko ubansa, wani soja, wani reluwe, wani akawu, wani masaƙa tun da ta farko ta fara aiki a 1957. Ni da nake ta cewa garinmu garinmu, Babana ma a motar haya ya zo da tabarma a hammata.

Wata rana ina jera littattafan Hausa sai ga Magana Jari Ce na ɗaya, bangon irin na Baba sak, har launin. Na tsaya riƙe da shi kamar an dasa ni. Nace wa Mama ina son in ara, tace sai da kati, kati kuma sai da mai tsaya maka, ta jawo fom tace ita za ta tsaya min. Tana cikewa ta zo wurin adireshi nace Rigasa, tace da can fa? Nace Makera. Sai ta ajiye biron ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba, tace "Ni a Tudun Wada aka haife ni, a can aka yi min aure, yanzu ina Sabon Tasha. Kun bar mana mun bar muku ke nan." Tace ko hoton mijinta marigayi guda ɗaya bata fita da shi ba. Ta buga hatimi ta miƙo min littafin, sati biyu. Bamu sake tayar da maganar ba sai bayan shekaru.

Da na kai wa Baba, ya karɓa ya jujjuya, ya buɗe ya kai hanci ya shinshina, sannan ya ga hatimin laburare yace "A lesin ɗin ake ba ku wannan?" Ban san abin da ya kama ni ba, kawai na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga kuɗin keke har barcin da nake zuwa yi. Na gama ina jiran mari. Ya yi shiru har na fara jin ƙarar agogon bango, can yace "Shi laburaren, biya ake yi?" Nace a'a Baba. Yace "To ka ci gaba da zuwa. Amma ka daina bari ina maka addu'a a kan ƙarya." Wallahi da dukana ya yi da ya fi min sauƙi. Kuma bai taɓa gaya wa Umma ba har ya koma ga Allah.

Daga nan abubuwa suka ɗan miƙe. Na yi dako a kasuwa ranakun Asabar na tara kuɗin rajista da kaina, a teburin da nake barci na yi karatun, na ci jarrabawar a 2005. Aka ɗauke ni aikin wucin gadi a laburaren, daga baya na yi difloma a fannin, yau shekaru ke nan ina cikin littattafai.

Baba kuma tari ya sa shi gaba, ƙurar audugar da ya shaƙa ce ta dawo tana karɓar bashinta. Duk ranar da aka ce tsofaffin ma'aikata za su yi taro a kan haƙƙinsu sai ya naɗe katin nan nasa a leda ya tafi, ya dawo da alkawari. Da ya kwanta ciwo sai ya zama mai yawan labari, yadda ya zo Kaduna, albashinsa na farko da abin da ya saya da shi, yadda suka je kallon babban hawan daba na 1977, sunayen abokan aikinsa. Ni kuma ina dawowa a gajiye, ga littafin aro a hannuna ina son in karanta tarihin Gwamna Lugga da Sardauna, sai in ce Baba ai ka taɓa ba mu wannan. Sai yace haka ne, ya yi shiru. Ya rasu da damina a 2009, ko sisi na haƙƙinsa bai karɓa ba.

Bayan kamar wata shida wata ɗaliba ta zo daga jami'a tana bincike a kan rayuwar ma'aikatan masaƙa. Na fara mata irin bayanin da muka saba, je ki Gidan Arewa da ke titin Rabah, gidan Sardauna ne da aka mayar cibiyar adana tarihi tun 1970, je ki ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a nan cikin gari. Tace duk ta je kuma ta ƙaru sosai, ta ga wasiƙun Razdan da na Di'o na zamanin Turawa da takardun gwamnati, amma ita so take ta san shi lebura me yake ci, ina yake kwana, me suke hira a kai, yaya ya ji ranar da aka rufe ƙofa. Na duba akwatin kati, na duba kanta, na sauko da tsofaffin jaridun New Nigerian da aka ɗinke aka yi wa bango. Akwai hotuna, manya suna yanke ƙyalle, an rubuta sunan kowa da muƙaminsa, can baya kuma ga ma'aikata a tsaye dishi-dishi ba suna. Nace mata ba mu da shi. Tana fita na shige sito na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, don abin da take nema ya kwanta a falonmu yana roƙona in saurare shi. Na yi watanni ina bin hotunan nan da gilashin ƙara girma ko zan ga fuskarsa, ban gani ba.

Mama ce tace min kuka ba zai cika kanta ba, abokansa ai basu mutu duka ba. Na sayi littafin rubutu mai bango mai tauri na fara tsallaka gada ranar Asabar, karo na farko tun 2000 da na taka Kakuri da ƙafata. Gine-ginen na nan, ciyawa ta fi mutum tsawo. Tsofaffin kuwa da ka ce masaƙa ka zo tambaya sai a jawo maka benci. Kusan dukkansu da ƙarfi suke magana don injin ya cinye musu kunne, suka ce a ɗakin saƙa ko ihu ka yi ba mai ji, da hannu da motsin baki ake zance, har zagi suna da alamarsa. Suka ba ni labarin adashin ranar albashi, da littafin bashin mai tuwo, da yadda ake gane sabon zuwa da yawan atishawa. Wani dattijo mutumin kudancin Kaduna, ido ɗaya ya mutu, da na faɗi sunan Baba da sashensu sai ya riƙe hannuna gam, yace ai kai ɗan Malam Aku ne! Wai haka suke kiransa, saboda in suna aikin dare lokacin hutu sai ya zaro littafi daga cikin riga ya karanta musu labari a hankali yana bi da yatsa, su kewaye shi da kofunan shayi, Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe, in ya tsaya a wuri mai daɗi aka koma aiki har cin hanci suke ba shi na ƙosai ya gaya musu ƙarshen. Shekara ashirin da biyar na yi da mutumin nan a gida ɗaya ban san wannan ba.

Ba wai komai ya tafi daidai bane. Da na samu waya mai ɗaukar murya sai na yi kasala na daina rubutawa, aka zare ta a aljihuna a cikin bas, muryar mutum goma sha ɗaya ta tafi, uku a cikinsu sun riga sun rasu. Tun daga nan ko na ɗauka a waya sai na kwafe da hannu a daren. Shi kansa laburaren yana fama, wata damina rufi ya yi yoyo a kan jaridun da ba za a sake samun irinsu ba, muka dinga shanya su shafi shafi, ga gara, ga ƙurar hunturu, sabbin littattafai kuwa sai a daɗe ba a gani ba. Yaran yanzu suna cika ɗakin lokacin jarrabawa amma da takardunsu suke zuwa, kanta ko kallo bata ishe su ba, bana ganin laifinsu tunda ni ma fanka ce ta kawo ni. Mu ma ma'aikata muna da namu laifin. Littattafan soyayya da ƙannena mata suke karɓowa haya a shago suna ɓoyewa a ƙarƙashin filo, mun raina su mun ce ba adabi bane bamu tara ba, yau ga masu digiri na uku suna zuwa nemansu muna sosa ƙeya. Alhali shi kansa Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 yana koyarwa a Midil ta Katsina ya shiga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja, shi ma sabon yaro ne a lokacin, da an raina shi da Baba bai samu abin karanta wa abokansa ba. Da aka yi bikin cikar Kaduna shekara ɗari a 2017 mutane suka yi ta zuwa neman tarihin unguwanninsu, wanda na iya ba shi na ba shi, da yawa sai dai in ce ka je ka tambayi kakarka tun tana nan, in ka rubuta ka kawo mana kwafi. Mutum biyu sun kawo.

Yanzu littattafan rubutun nan sun kai goma sha huɗu, ba masaƙa kaɗai ba, akwai 'yan reluwe da tsofaffin masu ɗinki da wata unguwarzoma. Na bakwai na Mama ne, bayan ta yi ritaya na je har Sabon Tasha ta ba ni labarin Tudun Wadar da ta sani layi layi, gida gida, muka yi kwana uku muna yi. Katin Baba yana manne a shafin farko na littafi na ɗaya, har yanzu a cikin ledarsa.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu ina da alkawari da wata tsohuwa a unguwar Nasarawa wadda ta shekara tana sayar da tuwo a bakin ƙofar su Baba. Jikanta ya ce min littafin bashinta yana nan bata yar ba, wai tana cewa ranar da aka biya su haƙƙinsu za su zo su biya ta. Na riga na ware 'yan kuɗi na sa a aljihun rigar da zan saka, ko da za mu buɗe mu tarar da sunan Malam Aku a ciki.